Kwanson harsashi a maƙera: yadda ake fitar da cibiyar da aka kalmashe kafin tagulla ta ga wuta

Duk wanda ya yi ƙirar farfaru ya san tagulla iri-iri ce. Akwai ta tsohon famfo, wadda da ka ɗora mata guduma sai ta tsage saboda dalmar da aka gauraya mata. Ta kwaɗo da makulli ma haka take. Sai kuma ta kwanson harsashi, wadda ni dai ban ga kamarta ba: kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, dalma kuwa kusan babu a jikin ƙarfen. Tana miƙuwa, tana lanƙwasuwa, tana karɓar zane, in ka goge ta sai ka rantse zinariya ce. Ai dole. A masana'anta daga ɗan faifai ake jan ta a sanyi har ta zama kwanso, ƙarfen da ba ya miƙuwa kuwa ba zai jure wannan ba.

Inda take da wuyar sha'ani shi ne gindinta. A tsakiyar gindin kowane kwanso akwai wani ɗan maɓalli zagayayye da aka cusa cikin gurbi, shi allurar bindiga ke sara har wuta ta tashi ta kama albarushi. Masu Faransanci na ce masa amors, masu Ingilishi firaima, mu a rumfarmu cibiya muke ce masa, da wannan sunan zan ci gaba. Ƙanƙanuwa ce, faɗinta milimita 4.45 a ƙananan kwansuna irin na harsashi mai lamba 5.56, milimita 5.33 a manya irin 7.62×51. Amma ita ce ta bar mini tabo a bayan ƙafar hagu tun ina koyon aiki a Tawa.

Ranar, maigidana ya tafi sallar la'asar ya bar ni da zuga-zugi. Na ga tagulla ta narke, na ce bari in ƙara kafin ya dawo ya yaba mini, na dumbuzi kwansuna daga buhu na watsa cikin tukunya. Ban ma janye hannu ba na ji tas! Ɗaya daga ciki cibiyarsa na da rai. Ba wata babbar ƙara ba ce, amma ta isa ta fallatso narkakkiyar tagulla, ɗigo guda ya sauka tsakanin igiyar takalmina da fata. Da tsohon ya dawo bai yi faɗa ba. Ya duba ƙafar, ya ɗauki kwanso ɗaya ya ɗaga shi sama ya leƙa, ya ce, "Kai yaro, abin da ba ka hango haske ta cikinsa ba, ba ya shiga tukunyata." Na ce, "To, Baba." Duk abin da ke biye hanyar kai wa ga wannan hasken ce.

Kafin ka karɓi buhun

Kwanso ba gwangwanin tumatir ba ne. A nan Nijar riƙe bindiga da harsashi sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukumar CNCCAI da aka ɗora wa tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Da irin halin tsaron da ake ciki, in aka tsayar da kai a shingen bincike aka ga buhun kwansuna a bayan babur, "maƙeri ne ni" ba za ta wadatar ba. Don haka ni ba na karɓa sai daga mai takarda, ko maharbi mai lasisi ko wanda ya saya a hannun hukuma da rasit, kuma ina rubuta ranar da nauyin a littafi. Wanda yara suka tsinto a daji ba na saye ko da kyauta ne. Wurin da aka yi artabu, a Tillaberi ne ko arewacin Tawa ko Diffa, kwanson da ke ƙasa shaida ne ga masu bincike, kuma a irin wuraren ne ake binne abubuwan fashewa. Duk dalar da ka ba yaro yau, ita za ta mai da shi can gobe.

In ka zazzage buhu ka ga harsashi cikakke da kansa, kada ka ciro kan, kada ka ce za ka zubar da albarushin ka ci tagullar. Ware shi a inuwa, nesa da wuta, ka sanar da jandarmomi ko ƴan sanda. Manyan kwansuna na bindigogin da ake girkawa a mota, da kawunan harsasai masu fenti a tsini, su ma ba kayan rumfa ba ne; cikin masu fentin akwai masu ɗauke da sinadarin kunna wuta.

Mataki na farko: maganaɗisu

Shimfiɗa buhu ka baza su, ka bi da maganaɗisun tsohuwar sifika. Duk wanda ya maƙale baƙin ƙarfe ne, ko da ya yi kalar tagulla. Yawancin kwansunan 7.62×39 da ake yi a Rasha da Sin ƙarfe ne da aka shafa wa fenti kore ko toka-toka, ko aka yi wa wankan jan ƙarfe. Gindin kartushin bindigar farauta mai lamba 12 ma galibi ƙarfe ne da aka yi wa rufin tagulla. Waɗannan ka tara su gefe, ba su da amfani a tukunya. Wanda bai kama ba kuma ya yi fari da rashin nauyi, alminiyom ne, kada ya kusanci tagullarka.

Mataki na biyu: ɗaya bayan ɗaya, a hannu

Nan ne masu gaggawa ke cin duka. Kilo ɗaya na kwanson 5.56 ya kai guda 160, na 7.62×51 wajen 85, kuma kowanne sai ya bi ta hannunka. Zauna inda rana ke haskawa sosai. Abu uku kake dubawa.

Juya gindin. Cibiyar da aka harba tana da lotsawa a tsakiya, sawun allura. Wadda fuskarta ke sumul ba sawu, rayayya ce: wani ne ya ciro kan ya zubar da albarushi ya bar ta. Irin wadda ta ƙona ni ke nan. Sai ka leƙa ciki. Wanda aka harba cikinsa baƙi ne da toka. Wanda cikinsa ke ƙyalli kamar sabo, ka yi shakkarsa ko da akwai ɗan sawu a cibiyar, domin yakan faru allura ta sara wuta ba ta tashi ba. Sannan ka kife shi ka ƙwanƙwasa a katako, ka ga ko wani gari zai zubo. Akwai kuma harsashin atisaye marar kai, wanda ake tsuke bakinsa kamar fure. In bakin a rufe yake, ba a harba shi ba.

Masu rai da waɗanda ka yi shakka, ka zuba su cikin kwali, kada gwangwani, ka haɗa da abin da za ka miƙa wa hukuma. Za ka ji ana cewa a jiƙa su da ruwa ko man inji kwana biyu sun mutu. Kada ka dogara da wannan. Sinadarin cikin an lulluɓe shi, an kuma shafe bakin gurbin da fenti don kada ruwa ya shiga. Wata ta mutu, wata ta bushe ta farfaɗo, kuma ba ka da hanyar sanin wacce ce wacce. Cibiya mai rai ba a dukanta, ba a huda ta, ba a gasa ta.

Mataki na uku: rami ɗaya ko biyu

Haska tocilan waya cikin bakin kwanson ka dubi can ƙasa. Ko ka ga rami ɗaya a tsakiya, faɗinsa wajen milimita 2, ko ka ga ƙanana biyu a gefe da gefe, tsakiyar a toshe.

Mai rami ɗaya shi ake kira Boxer, da sunan Edward Boxer, hafsan Ingila da ya yi aiki a ma'aikatar makamai ta Woolwich. Mai rami biyu Berdan, da sunan Hiram Berdan, Ba'amurke. Dukansu a 1866 suka yi rajistar ƙirƙirarsu, abin dariyar kuma shi ne sun yi musaya: Amurka ta rungumi ta Baturen Ingila, ƙasashen Turai da Rasha suka daɗe suna kan ta Ba'amurken. A Berdan, ɗan tudun da cibiya ke daddatsewa a kai jikin kwanson ne, yana nan tsakiya daram. Wanda bai leƙa ba ya zura tsinke ya buga, tsinken ne zai karye. Raba su gida biyu tun yanzu.

Ita kalmasar

Ɗauki kwanson maharbi ka dubi bakin gurbin cibiyarsa, za ka ga a zagaye yake sumul. Ɗauki na soja, irin mai tambarin gicciye cikin da'ira na ƙawancen NATO, ko mai haruffan LC na masana'antar Lake City da ke jihar Missouri, za ka ga bambanci. Bayan an cusa cibiyar, an danne tagullar bakin gurbin ta kwanto a kanta, kamar yadda tela ke kalmasa bakin riga. Wani sa'in zobe ne cikakke kewaye da cibiyar, wani sa'in sara uku ko huɗu ne kamar an dangwala da tsinin ƙusa. Kada ka ruɗe da jan fenti ko kore da ke kewaye da ita, wannan na hana ruwa ne. Sa farce: in ya tuntuɓe da ɗan leɓe, kalmasa ce.

Dalilinta, bindiga mai sarrafa kanta tana fizgar kwanso da ƙarfi alhali yana da zafi, cibiyar da ba a danne ba tana iya ficewa ta faɗa cikin injin bindigar ta cije. Soja ba ya son haka, shi ya sa ake kulle ta. Mu kuma da muka zo daga baya, mu ke biyan kuɗin wannan kullen da karyayyun tsinke.

A Amurka, inda doka ta bar mutane su sake cika kwansunansu na farauta da wasan harbi, kalmasar nan babban abin ƙorafi ce, domin sabuwar cibiya ba ta shiga sai an kawar da ita. Hanya biyu suke bi: ko su yanke leɓen da ɗan abin fiƙe, ko su tura shi ya koma inda ya fito da na'urar dannawa irin Super Swage 600 ta kamfanin Dillon ko ta RCBS. Su burinsu gurbin ya koma girmansa na asali ba ƙari ba ragi. Namu burin akasin haka ne. Muna so cibiyar ta fita, leɓen ya daina yanka, gurbin kuma ya lalace yadda kwanson ba zai sake zama harsashi ba har abada. Saboda haka ba ma buƙatar na'urar kowa, abin da ke cikin rumfa ya isa.

Wanka kafin duka

Da yawa sukan bar wanki sai ƙarshe. Ni da na gama tantance su nake yin sa, kafin in ɗauki guduma, saboda baƙar tokar da ke cikin kwanso da cibiya tana ɗauke da dalma. Sinadarin da ke tayar da wutar a yawancin cibiyoyi haɗin dalma ne. In ka buga a bushe, ƙurar hancinka za ta. Wanda ya tuna abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga daka duwatsun zinariya a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400, ba zai raina wannan ƙura ba.

Ruwan ɗumi da omo a bokitin da ba na gida ba, a jijjiga, a zubar a rami nesa da rijiya da inda yara ke wasa. Sannan a jiƙa su minti goma zuwa sha biyar cikin ruwan tsamiya ko na lemun tsami, a ɗauraye da ruwa mai yawa. Kada ka bar su su kwana a ruwan tsami, musamman in ka sa gishiri: tsamin yana tsotse tutiyar saman, ka wayi gari ka tarar sun yi ja-ja kamar gaci.

Abin da ba a kusantar da shi ga wannan tagulla shi ne ammoniya, mai warin nan na tsohon fitsari da ke cikin wasu magungunan goge ƙarfe. Sojojin Ingila a Indiya sun sha ganin kwansunansu na tsagewa da kansu a lokacin damina, sai a 1921 aka bayyana dalili: a bargar dawaki ake ajiye su, tururin fitsarin dawaki ne ke cin tagullar da ke ɗaure da gajiyar ja. Don haka in rumfarka na jikin garken awaki, ka nemi wani wurin ajiya.

Fitar da cibiyar mai rami ɗaya

Kayan aikin uku ne, kuma duk za ka same su a kasuwar Katako ta Yamai. Noti mai lamba 8, wanda raminsa ya kusa milimita 7: gindin kwanso ya zauna a kansa, cibiya ta sami inda za ta faɗa. Ƙaramar guduma, ba masaɓa ba. Sai tsinke.

Tsinken shi ne sirrin. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya ɗauki siririyar waya doguwa, irin ta ƙafar keke, ya zura. Siririn abu mai tsawo lanƙwashewa yake yi. Nemi sandar ƙarfe mai kauri milimita 4 zuwa 5, wadda za ta shige bakin kwanson ba tare da ta yi ta rawa ba, tsawonta ya ɗara na kwanson da kamar yatsa uku. Ƙusar kankare doguwa tana yi, tsohon sukundireba ma yana yi. Ka fiƙe tsininta kawai, milimita 7 zuwa 8 na ƙarshe, ya koma kaurin milimita ɗaya da rabi. Bakin tsinin ya zama a daddaɗe, kada ya yi kaifi kamar allura. Mai kaifi huda cibiyar yake yi ya wuce, mai daddaɗen baki shi ke tura ta. Wajen fiƙewa a dutsen inji ka riƙa tsoma shi a ruwa, in ya yi shuɗi ya yi laushi ke nan.

Sa tabarau. Ɗora notin a kan uwar maƙera, ka zaunar da kwanson a kai, baki sama. Zura tsinken ka juya shi a hankali har ka ji ya faɗa ramin. Za ka ji shi a yatsunka, ɗan ƙyas. In ba ka ji ba, kada ka buga. Riƙe shi a tsaye cak, fuskarka ba bisa bakin kwanson ba. Bugu ɗaya mai nauyi a tsakiya ya fi ƙananan bugu goma, domin ƙananan suna kumbura cibiyar ne su ƙara cusa ta cikin kalmasar. Marar kalmasa da bugu ɗaya take faɗuwa. Mai kalmasa takan so biyu, kuma za ka ji ƙarar ta sauya lokacin da leɓen ya saki.

In ka yi uku ba ta motsa ba, tsaya. Ɗiga gazuwal ko man birki a kewayen cibiyar ta waje, ka ajiye shi zuwa gobe. Mai sara uku ko huɗu kuwa, kana iya ɗage kowane sara da bakin abin zanenka kafin ka sake bugu, aikin minti ɗaya ne.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne cibiya ta huje: fuskarta ta fita, bangonta ya maƙale cikin gurbi kamar zobe. Tsofaffin kwansuna da suka sha ruwa sun fi yin haka, musamman masu tsohuwar cibiya mai barin gishiri bayan harbi, gishirin ya jawo laima ya manne ta da gurbin. In kwanson na tukunya ne, bar shi haka, ai ka ga haske. In na ado ne, nemi ɗan sukurun katako da ya ɗan fi ramin zoben kauri, ka murɗa shi ciki sau biyu har ya ciza, ka kama kan sukurun da awartaki ka fizgo. Zoben zai biyo shi.

Mai rami biyu

Wannan ba ta turuwa daga ciki da tsinke. Hanya biyu na sani.

Ta farko daga waje. Matse kwanson tsakanin katako biyu a bakin eto, wato abin matse ƙarfe, gindi sama. Ɗora tsinin ƙusar kankare a gefen sawun allura, a karkace, ba a tsakiya ba domin tudun nan na ƙarƙashi. Buga ya huda fuskar cibiyar, sannan ka danna ƙusar ƙasa kamar mai ɓalle marfin kwalba. Mai kalmasa za ta yage sau ɗaya ko biyu kafin ta fito. Ka sake hudawa ta ɗaya gefen.

Ta biyu da ruwa. Cika kwanson da ruwa, ɗora shi a kan notin, nemi sandar ƙarfe da ta cika bakinsa tsam, ka sa ta a baki ka buga da ƙarfi. Ruwa ba ya matsuwa, sai ya bi ta ƙananan ramukan ya tunkuɗo cibiyar. Tana aiki, amma za ka jiƙe sharkaf da ruwa mai dalma, kuma in kalmasar zobe ce mai ƙarfi wani lokaci wuyan kwanson ne ke kumbura cibiyar na zaune. Ni na fi son ta farko. In kuma narkawa kawai za ka yi, kada ka wahalar da kanka: sa zarto ka yanke gindin gaba ɗaya, milimita 6 zuwa 7 daga ƙasa, jikin ya tafi tukunya, gindin ka huda cibiyarsa da ƙusa daga baya in ka sami sarari.

Kawar da leɓen

Cibiya ta fita, amma kalmasar na nan, yanzu ma ta miƙe ta yi kaifi. In maratayin makulli za ka yi ko ɗan kunne ko kan carbi, wannan leɓen zai yanki zare, ya yanki aljihu, ya yanki yatsa. Ɗauki bakin injin huda mai kauri milimita 8 ko 10, ka riƙe shi a hannu, ba a inji ba. Ɗora tsininsa a bakin gurbin ka murɗa sau biyu ko uku. Za ka ga ɗan siririn zare na tagulla ya nannaɗo ya faɗi. Shafa da yatsa. In babu tuntuɓe, ya yi. Tsinin wuƙa ma yana yi, sai dai ba ya fita daidai. A inji kuwa, kafin ka ƙifta ido ya cinye rabin rubutun gindin, alhali rubutun nan shi masu saye ke so.

Daga nan sai ka kashe kwanson. Buɗe ramin tsakiya da bakin huda na milimita 3 ko fiye, ko ka huda gefen jikinsa. In za ka ɗaura sukuru mai zobe, huda milimita 2.5 ka yanka zaren sukuru lamba 3, ko 3.3 ka yanka na lamba 4. Tagulla tana da halin fizgar bakin huda lokacin da zai ɓulla, ta ƙwace kwanson daga hannunka ta juya shi. Maganinta, ka ɗan dakushe kaifin bakin hudar da dutsen wasa wuƙa, shafa biyu a kowane gefe, ka ware shi na tagulla kaɗai. Kuma a eto ake riƙe kwanso, ba a tafin hannu ba.

Abin da ba na yi da kwanso ko an biya ni: usur, bututun taba, tandun kwalli, ƙaramin kofi, da duk abin da za a rataya wa jariri. Komai wankinka, ba ka da tabbacin cikin ya rabu da dalma, yaro kuwa komai baki yake kai wa.

In faranti kake so

Yanke gindi, yanke wuya daga kafaɗa, tsaga jikin a tsaye da almakashin ƙarfe. Kada ka buɗe shi haka, zai tsage. Gasa shi tukuna har ya yi ja-ja mai duhu in ka duba a inuwa, sannan ka bar shi ya huce ko ka tsoma a ruwa, duk ɗaya ne. Tagulla ba kamar baƙin ƙarfe ba ce, ruwa ba ya ƙara mata tauri, duka ne ke ƙara mata. Buɗe shi a kan katako da gudumar itace. Kwanson 7.62×51 yana ba da faranti kusan santimita uku da rabi kowane gefe, ɓangaren gindi ya fi kauri. Masu yin kuben takobi da akwatunan fata a Wadata da rumfunan gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai sun san darajar irin wannan siririn farantin wajen ado. In kana dukansa ka ji ya fara ƙara kamar ƙararrawa yana ƙin guduma, ya gaji, mai da shi wuta.

Tukunya

Ruwa ya fi cibiya haɗari a nan. Ɗigon da ya ɓuya cikin kwanso, in ya nutse cikin narkakken ƙarfe, tururi yake zama nan take ya watso tukunyar. Bayan wanki ka shanya su yini guda a rana bisa kwano, baki ƙasa. Sannan ka daddaɓe kowanne da guduma ya zama falle, tukunya ta fi ɗauka kuma ba inda ruwa zai ɓuya. Kafin kowane ƙari, ka jera su a bakin murhu su yi zafin da ba ka iya taɓawa. Da awartaki ake sa su, ba a watsawa.

Wannan tagulla tana fara narkewa a wajen digiri 915, ta gama a 955, ana zuba ta ta ɗan haura 1000. Ita kuwa tutiya a 907 take tafasa. Ka ga ke nan tun kafin ka kai ga zubi tana gudu. Farin hayaƙin nan mai kauri da harshen wuta kore-shuɗi, tutiyarka ce ke tafiya, in ka daɗe sai tagullar ta yi ja ta rasa kalar da ka saye ta dominta. Rufe fuskar narkin da garin gawayi da ɗan boras, sa marfi, kuma da ta narke ka zuba, kada ka tsaya hira.

Hayaƙin nan shi ke sa masassarar maƙera. Ka tashi aiki lafiya, da dare sai sanyi da ciwon gaɓoɓi da ɗanɗanon ƙarfe a baki, ka ɗauka sauro ne, bayan kwana ɗaya ko biyu ta sake ka. Ana cewa a sha madara. Madara ba ta hana ta, tun da ta huhu abin ya shiga. A fili ake narka tagulla, iska na bayanka, in kuma numfashi ya yi wuya ko zazzaɓin ya wuce kwana biyu, a tafi likita a faɗa masa aikin da aka yi. Tukunyar tagulla kuma daban da ta alminiyom. Wanda ya saba zubin tukwane a digiri 660 da ɗoriya kada ya ɗauka gwangwanin da yake narki a ciki zai jure wannan wutar.

Saura cibiyoyin da ka fitar da garin da ya taru ƙarƙashin noti. Kada ka share su da tsintsiya a bushe. Yayyafa ruwa, kwashe da tsumma, ka zuba cikin kwalba mai marfi ka rubuta mata "dalma", ka ɗora inda yaran rumfa ba sa kai hannu. Ni ba na mai da su tukunya, tagullar da ke cikinsu ba ta kai ƙazantar da za su kawo ba. In kwalbar ta cika, mai sayen tsofaffin batiran mota nake ba wa, tun da shi dalma ce sana'arsa. Sannan sabulu har gwiwar hannu, da ƙarƙashin farce, kafin a kawo tuwo.